Katakon Makango, Gilashin Bawku

Gara ce ta fara jawo maganar. Mahaifina malami ne a zangon Yendi, yana karantar da manya fiƙihu da tafsiri a zaurensa. Littattafansa kuwa a cikin tsofaffin akwatunan sabulu suke, an jera su bakin bango a kan duwatsu. Wata damina gara ta bi bango ta shiga akwatin ƙarshe, ta cinye rabin wani littafi da kakanmu ya rubuta da hannunsa. Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna yana tsince ƙasa daga tsakanin takardun da ɗan yatsa, ni kuwa ina tsaye a kansa ina ta zagin gara kamar tana jina.

Farkon shekarun tamanin ke nan, ina aure a Salaga. Mijina kafinta ne, kowa Masta yake ce masa, har ni. Ni kuma bandar kifi nake saye a Makango in kai Bawku, in sayo albasa in dawo da ita. Hanyata ta Yendi ta bi, don haka zuwa da dawowa sai na kwana gidan Baba. Masta kuwa sai da Sallah yake zuwa. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa can bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya yi gaisuwa ya tashi. Shekarunmu da aure ban taɓa ganin ya haɗa ido da Baba ba, shi ma Baban bai taɓa tambayarsa ko da kujerar zama ba. Kowa na yabon kunyarsu, ni ma a lokacin ina alfahari da ita.

A Sallar wannan shekara Masta na durƙushe a wurinsa, Baba na ba wani abokinsa labarin garar. Daga nan ya gangara kan wani kabad da ya taɓa gani a Kumasi yana saurayi, lokacin da yake bin fataken goro. A ɗakin wani alƙali ya gan shi. Ya ce hawa-hawa ne, kowane hawa akwati ne mai zaman kansa, an ɗora wani kan wani, gaban kowanne gilashi. Kana zaune kana kallon littattafanka duka, ba ƙura, ba ɓera, ba kyankyaso.

"Da zan ga nawa haka sau ɗaya, a jere, da na huta," in ji shi. Ya yi dariya, ya shiga wata maganar.

Ba da Masta yake ba, kuma na tabbata da ya tuna surukinsa na wurin da bai faɗa ba. Amma muna shiga mota Masta ya ce mini ya auna bangon zauren da ido. Hausarsa ta zango ce, uwarsa Bagonjiya, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya ce, "Ka gaya wa Malam zan yi masa." Na gaya wa Baba a zuwana na gaba. Ya ce kada a wahalar da bawan Allah. Amma da yamma na gan shi tsaye yana kallon bangon.

Shekarun nan ba abin da ake samu a kanti. Sabulu ma sai da layi, balle katako. Ɗan abin da ke zuwa Salaga ɗanye ne, fari, mai taushi, irin wanda gara ke yi wa maraba. Masta ya ce ba zai kai wa Malam abincin gara ba. Wata rana ya biyo ni Makango, garin da ke gaɓar babban tafki. A bakin tafkin akwai wani babban jirgin katako da ya daɗe a kife, tun da ya hau kan kututturen itace a cikin ruwa cikinsa ya tsage. Yara na wasa a kansa, mata na shanya tufafi. Masta ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan, ya kankara can da wuƙa, ya ce odum ne, icen da gara ba ta iya masa. Mai jirgin ya ce a kwashe, dama ya tare masa wuri.

Ranar da aka sauke allunan a tsakar gidanmu na yi masifa. Baƙaƙe ƙirin, kwalta a kowace tsaga, ƙarnin kifi kuwa har cikin ɗaki. Masta ya ce mai sayar da banda ce yau ke ƙorafin ƙarni. Kuma ya yi gaskiya.

Ƙusoshi ya fara cirewa. Kowace ya zare ta da filaya, ya ɗora kan dutse ya miƙar da ita da guduma, ya jefa a gwangwani, don sabuwar ƙusa ma babu a gari. Wasu sun ruɓe a cikin katakon, sai ya haƙa ya tono su, kada su cinye masa haƙoran zarto. Sannan kankarar kwalta, sannan wanki da toka da ruwan zafi, sannan shanya a inuwa. Duk wannan bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da mu yake yi, gadaje da bencin makaranta. Da ya fere baƙar fatar sama, sai ga katako ja-ja mai duhu, sumul, ba ko tsaga. Ya kira ni daga madafa in zo in gani, yana cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ramukan ƙusa kuwa ya fiƙe 'yan ƙananan itatuwa daga jikin katakon ya toshe su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da samfefa har sai ka shafa ba ka ji komai ba.

Hawa biyar ya yi. Kowanne yana da ɗan gurbi a ƙasa da ke zama daidai kan na ƙarƙashinsa, ba ƙusa ba igiya, amma ko ka tura ba ya motsi. Ya yi masa gindi mai ƙafafu, ya ce a riƙa sa ƙafafun cikin gwangwanayen baƙin mai, mu ga ta inda gara za ta hau. Murfin kowane hawa ɗaga shi ake yi sama a tura ciki, ya kwanta a saman littattafan. Wannan murfin ne ya fi ba shi wuya, don bai taɓa ganin irinsa ba, daga bakin Baba kawai ya ji. Ya ɓata katako ba kaɗan ba kafin ya gane kansa. Ranar da murfin farko ya shige ciki ba tare da ya cije ba, ya yi ta buɗewa yana rufewa har tuwonsa ya huce.

Kafin kaka aikin katako ya ƙare. Saura gilashi. Ya jera kabad ɗin a ɗakinmu, murafen nan fayau ba komai a tsakiyarsu, ya lulluɓe shi da tsohon zanena.

Gilashi babu a Salaga, babu a Tamale. Aka ce a Kumasi akwai, amma sai wanda ya san wani. A Bawku da ake samun kayan ƙetare, iyaka a rufe take, 'yan kasuwa na shigo da abin da za a iya ɓoyewa a cikin buhu ne kawai, gilashi kuwa ba ya shiga buhu. Duk zuwa sai na zagaya masu kayan gini, su ce in dawo wani watan.

Ana cikin haka na fara lura da idon Baba. Na tarar ya mayar da buzunsa bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Wani zuwan kuma na ga ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi sauri ya rufe wurin da hannun riga. Da na matsa masa ya ce tsufa ne. Ban yarda ba, na yi ta naci har ya bi ni Bawku wurin likitan ido. Ina fatan a ce yanar ido ce a cire. Likita ya duba, ya kira ni gefe ya ce ba yana ba ce, jijiyar ce ke mutuwa. Ganin da ya tafi ya tafi, saura kuma yana bin sa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage masa sauri kawai.

A mota Baba ya ce, "Uwata, me ya ce miki a gefe?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na faɗa masa, don ba a yi masa ƙarya. Ya ce Alhamdulillahi, ya yi ta kallon gonakin albasa ta taga. Can ya ce, "Kada ki kai wa mijinki wannan magana. Kada ya ga kamar ana tura shi."

Ina isa Salaga ko kaya ban sauke ba na kai masa maganar. Na ce gobe a nemi mota a kai kabad Yendi haka nan. A zuba littattafan, Baba ya gan su a jere tun yana iya gani, gilashi ya biyo baya.

Masta ya ajiye zarto. Ya ce, "Ka so in yi disgires, in ji kunya gaban Malam? In kai wa surukina akwati ba murfi?"

"Murfi ai ga shi nan. Gilashi ne babu."

"To aiki bai ƙare ba. Mutanen zango za su zo kallo, su ce mijin 'yar Malam ya kawo rabin aiki."

"Mutanen zango ne ke makancewa, ko ubana?"

Na ga maganar ta shige shi, don yana ƙaunar Baba, wannan ba zan hana masa ba. Amma da ya buɗe baki sai ya ce, "Shi ya sa ma. In sau ɗaya zai gani, ya gani cikakke. Abin da ya gani a Kumasi da gilashi ya gani. Ka bari, sauri ya haifi nawa."

Na ce a sa farar leda. Ya ce leda a kan odum, Allah ya kiyaye. Na ce a sa gilashin taga mai tsiri-tsiri da muke ce wa luba, shi ana ɗan samu. Ya ce ba ɗakin haya yake ginawa ba. Na yi kuka, na yi gaba da shi, na daina kai masa ruwan wanka. Na je wurin yayansa, shi ma ya ce gaskiyar Masta ce, ba a kai wa suruki abu guntu. Na yi tunanin in ɗauki hayar mota in kwashe kabad ɗin ranar da ya tafi aiki ƙauye. Amma na san in na yi haka Baba da kansa zai sa a mayar, ya kuma haɗa ni da wa'azi.

Hanya ɗaya ta rage, Baba ya aika ya ce a kawo haka nan, don Masta ba zai iya musa masa ba. Na roƙe shi. Ya ce, "Kyauta ake tambaya? Wurin suruki?" Ya rufe maganar. Tun daga nan duk zuwana sai ya tambayi lafiyar mijina da ta yara, ya tambayi kasuwa, amma kabad ko sau ɗaya. Rana guda dai, ina ɗiga masa magani, ya ce kamar da kansa yake, "Gilashi dai ya yi wuya a ƙasar nan." Iyakar roƙonsa ke nan.

Maza biyu, kowa na kare mutuncin ɗan'uwansa, ni ce a mota tsakaninsu. Na tsani kabad ɗin nan. A gefen gadonmu yake, in na buɗe ido shi nake fara gani a ƙarƙashin zane, ga shi an gama, ga shi ba amfani. Masta kuwa duk Juma'a sai ya yaye zanen ya goge shi da mai.

Bayan an buɗe iyaka wani mai kayan gini a Bawku ya aiko mini cewa gilashi ya shigo. Na kai awon da Masta ya yanka mini a jikin kara, aka yanka guda biyar, aka naɗe da kwali. Na ce wa masu lodi a tsaye ake sa shi, haka Masta ya gargaɗe ni. Suka ce sun ji. Na je sallar azahar, kafin in dawo sun kwantar da shi a ƙasan mota sun jibga buhunan albasa a kai, wai don kada ya motsa. Direba ya rantse ba abin da zai same shi. Duk wanda ya san gangaren dutsen Nakpanduri ya san yadda mota ke yi a wurin. A Yendi da aka sauke kaya, kwalin na ƙara kamar buhun tsakuwa. Na zauna a tasha na zazzagi masu lodin da ba sa wurin, na zagi direban da ke wurin. Da na shiga gida Baba ya ce ya ji muryata ta canza. Na ce mura ce, ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara ba. Lokacin yana gane mutum in ya tsaya tsakaninsa da ƙofa.

Mai kayan ginin ya ce wancan ne na ƙarshe, sai an sake kawowa. Damina ta sauka, hanya ta lalace, gada ta karye a wani wuri, na daina zuwa Bawku sai jefi-jefi. Da ruwa ya ɗauke na samu wani. Wannan karon ban ba kowa ba. Na naɗe shi da zannuwana da bargo, na zauna gaban mota na tsayar da shi tsakanin gwiwoyina, na rungume shi tun daga Bawku. Ban tsaya kwana a Yendi ba, na wuce Salaga kai tsaye. Ƙafafuna sun kumbura, amma ko ɗaya bai tsage ba.

Masta ya sa gilashin cikin yini ɗaya. Gaskiya abin ya yi kyau, ko ni da na tsane shi sai da na tsaya kallo. Ya ɗinka sabuwar riga don tafiyar.

Da hantsi muka isa Yendi. Labari ya riga mu, ɗaliban Baba da maƙwabta sun cika zaure har waje. Aka shigo da hawan ɗaya-ɗaya, don ƙofar zauren ƙarama ce. Masta ya daidaita gindin, ya sa ƙafafun a gwangwanaye, ya ɗora wani kan wani, kowanne na zama da ɗan sauti. Ɗalibai suka buɗe akwatunan sabulu suna fito da littattafai, masu bangon fata da na bugun Misra, suna kakkaɓewa suna jerawa. Baba na zaune a kan buzu, carbi a hannu, yana ta murmushi. Da aka gama aka sauke murafen, mutane suka yi ta Masha Allah. Masta ya ja da baya zuwa bakin ƙofa, ya durƙusa a wurinsa na kullum, ya sunkuyar da kai.

Baba ya gyara zama ya ɗaga fuska. Ya ce, "Ɗana, na gani. Ka yi aiki. Ya fi wanda na gani a Kumasi. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka."

Fuskarsa ba kabad ɗin take kallo ba. Ta karkata hagu, wajen 'yar tagar da rana ke shigowa. Kowa a zauren ya gani. Ɗalibai suka dubi ƙasa, wani dattijo ya yi gyaran murya ya fara addu'a da ƙarfi, aka shafa. Mutum ɗaya ne bai gani ba, shi ne wanda kansa ke sunkuye don kunyar suruki.

Da Masta ya tashi zai je gaida abokansa a kasuwa, ya tsaya kusa da ni a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja don daɗi. Ya ce a hankali, "Ka ji ko? Ya ce ya gani. Da mun kawo rabi fa?" Ina da abin faɗa cike da ciki, kuma ni ba mai haɗiye magana ba ce, kowa ya sani. Amma na dubi hannuwansa, duk tabon tsohuwar ƙusa, na ce masa ya je kada ya rasa su. Har yau ina jin haushinsu su biyun, kuma duka biyun sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda zan yi wa faɗa.

Mutane suka watse, na koma zaure in kwashe kofuna. Na tarar Baba ya tashi, yana bin bango da hannu. Ya wuce inda akwatunan suke a da, ƙafarsa na laluben duwatsun da aka riga aka kwashe. Na kama hannunsa na kai shi gaban kabad ɗin. Ya shafa gefen katakon daga sama har ƙasa, ya sa hanci ya shinshina, ya ce ba ƙarnin kifi ko kaɗan. Sannan ya miƙa hannu wajen littattafan, yatsunsa suka bugi gilashi. Ya ɗan janye, ya sake mayarwa, ya shimfiɗa tafinsa a kai.

"Da sanyi," in ji shi.

Na ce bari in ɗaga masa murfin ya taɓa su. Ya ce a'a, a bar shi yadda mai shi ya rufe. Ya nemi in mayar da shi kan buzu, na mayar da shi. Ya zauna, ya jawo ni na zauna kusa da shi.

"Uwata, daga nan ana ganinsu duka?"

"Ana gani, Baba."

"Har na ƙasa?"

"Har na ƙasa."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, kada ki tashi tukuna. Zauna ki duba mini su kaɗan."

Na ajiye kofunan a ƙasa, na zauna ina kallo. Shi kuma ya juya fuskarsa wajena yana jira.